Jigogin ƙagaggun labaran Amurka na ƙarni na 19: ta ina ɗalibi zai kama?

Tambayar da wata ɗaliba ta turo min ita ce: "Malam ina aji uku a sashen Turanci, wannan samistar an ba mu kwas ɗin adabin Amurka na ƙarni na 19, an ce kowa ya zaɓi jigo ɗaya ya yi rubutu a kai. Na duba intanet duk abu ɗaya suke ta maimaitawa, zunubi, kaɗaici, 'yanci, ɗan Adam da daji. Ta ina zan kama? Sannan wai su waye ma suka yanke cewa waɗannan littattafan su ne manya?"

To ƙanwata, tambayarki ta biyu ta fi ta farkon nauyi, kuma in kika gane amsarta ta farkon za ta zo miki da sauƙi, shi yasa zan fara da ita.

Jerin littattafan da aka ba ku a kwas ɗin nan ba su ne Amurkawan wancan lokacin suke rububin karantawa ba, ko kusa. Ɗauki Moby-Dick na Herman Melville, wanda yau in aka ce a faɗi babban nobel ɗin Amurka guda ɗaya da yawa shi za su fara ambata. Ya fito a 1851, kuma har Melville ya mutu a 1891 kwafin da aka sayar a Amurka bai wuce 3,000 da 'yan kai ba, shekara 40 fa kenan. Mutumin da kansa ya haƙura da neman abinci da alƙalami, ya je ya kama aikin kwastan a tashar jiragen ruwa ta Niyok a 1866, ya shekara 19 yana duba kayan 'yan kasuwa. Uncle Tom's Cabin kuwa na Harriet Beecher Stowe da ya fito a 1852, a shekararsa ta farko kaɗai an sayar da kwafi wajen 300,000 a Amurka, ban da na Ingila. Ga su Susan Warner da Maria Cummins, mata masu rubuta labaran marayu da zaman gida da addini, kasuwarsu ta fi ta su Melville nesa ba kusa ba, har abun ya ƙona wa Nathaniel Hawthorne rai ya rubuta wa mai buga masa littafi wasiƙa a 1855 yana mita cewa gungun mata masu rubuce-rubucen banza sun cinye kasuwa. In kin tuna yadda wasu malamanmu na jami'a suka daɗe suna yi wa littattafan soyayya na kasuwar Kano kallon hadarin kaji, alhali su ne mata da matasa ke karɓa hannu da hannu har bangon ya yage, to kin gane yanayin.

Yaya aka yi lissafin ya juya? Manazartan ƙarni na 20 ne suka juya shi. An fara tono Melville wajen 1919 da ya cika shekara 100 da haihuwa, Raymond Weaver ya fitar da tarihin rayuwarsa a 1921, aka zaƙulo Billy Budd da ya mutu ya bari a rubuce da hannu aka buga a 1924. D. H. Lawrence ɗan Ingila ya fitar da littafin tarkensa kan waɗannan marubutan a 1923, kuma shawararsa ɗaya har yau ina ba ɗalibai, wato kar ki yarda da abun da marubucin yake cewa yana yi, ki duba abun da labarin yake yi. Amma wanda ya kafa tubalin da manhajar jami'o'i ta ɗoru a kai shi ne F. O. Matthiessen na Harvard, da littafinsa American Renaissance na 1941. Ya ɗauki mutum 5, Emerson, Thoreau, Hawthorne, Melville da Whitman, ya ɗauki ɗan tsakanin 1850 zuwa 1855, ya ce a nan ne adabin Amurka ya balaga. Duk maza, duk farare, duk daga arewa maso gabashin ƙasar. Stowe da ta girgiza ƙasar a tsakiyar waɗannan shekarun ba ta samu babi ba, Frederick Douglass, tsohon bawan da ya rubuta tarihin rayuwarsa, bai samu ba. Sai aka gama yaƙin duniya na biyu Amurka ta zama babbar yaya a duniya, jami'o'inta suka cika maƙil da ɗalibai, ana neman adabin da za a ɗaga a nuna wa Turai da Rasha cewa mu ma muna da namu kuma namu na 'yanci ne, a nan su R. W. B. Lewis a 1955 da Richard Chase a 1957 da Leslie Fiedler a 1960 suka shigo kowa da nasa bayanin abun da ya sa nobel ɗin Amurka ya bambanta da na Ingila.

Jigogin nan da kika gani a intanet gadon waɗannan mutanen ne, an yi ta kwafa ana sake kwafa har sun salance. Zubin kusan ɗaya ne, namiji shi kaɗai ya gudu daga gari da mata da doka da coci, ya faɗa daji ko teku ko kogi. Kuma ba ƙarya suka yi ba, abun yana nan. Rip Van Winkle na Washington Irving ya gudu daga masifar matarsa ya hau dutse ya yi barcin shekara 20, Natty Bumppo na James Fenimore Cooper da ya ji saran gatarin masu kafa gari sai ya ƙara gaba, Ishmael na Moby-Dick ya hau jirgi, Huck Finn ya bi kogi. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Nina Baym ta yi wata maƙala a 1981 inda ta ce in dai an yanke tun farko cewa labarin Ba'amurke na ainihi shi ne namiji mai gudun mata da gida, to ai an kori marubuta mata tun kafin a buɗe littafinsu. Fiedler da kansa ya lura tun 1948 cewa mai gudun nan ba shi kaɗai yake tafiya ba, kullum akwai wani wanda ba farar fata ba a gefensa, Chingachgook gefen Natty, Queequeg gefen Ishmael, Jim gefen Huck. Toni Morrison ce ta ƙarasa maganar a Playing in the Dark na 1992, ta nuna cewa 'yancin da farin tauraron yake tinƙaho da shi, da wanda aka ɗaure a kusa da shi ake auna shi.

Ki riƙe ɗan tarihin nan don ba za ki iya karatun ba sai da shi. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan 4 a Amurka. A 1830 aka yi dokar kwashe 'yan asalin ƙasar daga kudu maso gabas a tura su yammacin kogin Misisipi. A 1850 aka yi dokar kamo bayin da suka gudu, wadda ta tilasta wa har mutanen arewa da ba a bauta a jihohinsu su taimaka a kama, kuma jami'in da ke sauraron ƙarar dala 10 ake biyansa in ya mayar da mutum ga ubangijinsa, dala 5 in ya sake shi. A watan Afrilun 1851, Melville yana ta fama ya gama Moby-Dick, surukinsa Lemuel Shaw, wato baban matarsa kuma babban jojin jihar Masachusets, ya ƙi sa baki a saki wani matashi Thomas Sims da ya gudo Boston, aka tasa ƙeyarsa da 'yan sanda zuwa jirgi aka mayar da shi Jojiya. Kin ga ke nan maganar bauta a teburin cin abincin gidansu take. Don haka in kika rubuta cewa jigon littafi kaza shi ne 'yanci, ba ki ce komai ba tukuna. 'Yancin wa? Wa ya biya kuɗinsa? Wa ke ba da labarin, kuma me yake kallo ƙiri-ƙiri amma bai gani ba? Tambayar ƙarshen nan ita ce ni nake ganin ta fi buɗe littattafan nan.

Bari in nuna miki da Benito Cereno na Melville, wanda ya fito a mujallar Putnam's a 1855, gajere ne, kwana ɗaya ko biyu kin gama. Wani kyaftin ɗan Amurka, Amasa Delano, mutumin kirki mai fara'a, ya hango wani jirgin Sifaniyawa a gaɓar kudancin Chile yana tangal-tangal, ya shiga kwale-kwale ya je ya kai ɗauki. Ya tarar da jirgi cike da bayi 'yan Afirka suna yawo ba a ɗaure ba, fararen matuƙan kaɗan ne, kyaftin ɗinsu Don Benito ya rame kamar mai jinya, ga wani ƙaramin bawa mai suna Babo manne da shi ko taku ɗaya ba ya barinsa ya yi shi kaɗai. Wuni guda Delano yana jirgin. Ya ga wasu ƙartai 6 suna zaune suna goge gatura, ya ga yaro baƙi ya sari yaro fari da wuƙa ba a yi masa komai ba, duk lokacin da zuciyarsa ta ɗarsa sai ya zargi Don Benito da shirya masa makirci, don a kansa baƙar fata ba shi da basirar da zai shirya komai, shi dai bawa mai biyayya yake gani har ma ya yi tayin sayen Babo.

Sai wurin askin. Babo ya ce lokacin gyaran fuskar maigida ya yi, ya zaunar da Don Benito, ya jawo wani ƙyalle ya ɗaura masa a wuya, ashe tutar Sifaniya ce, ya wasa aska a tafin hannunsa ya ɗora a maƙogwaro, Delano kuma yana zaune yana ta jero tambayoyi kan tafiyar tasu, wace iska ce ta same ku, ya aka yi kuka yi wata biyu a inda ni na yi 'yan kwanaki. Don Benito yana rawar jiki, askar ta ɗan yanke shi jini ya ɓullo a kan kumfar sabulu, Babo ya ba da haƙuri cikin ladabi ya ce maigida ya ci gaba da ba baƙo labari. Delano me ya gani? Ya ga wanzami gwani, har yana raya wa a ransa cewa baƙar fata an halicce su ne don irin wannan hidimar. Gaskiyar kuwa bayin sun daɗe da ƙwace jirgin, sun kashe mai su, ƙwarangwal ɗinsa na ɗaure a goshin jirgin an lulluɓe da tamfol, Babo ne shugaba kuma shi ya tsara duk wasan, askar nan gargaɗi ce. Melville ya ɗaure mai karatu a bayan idon Delano, shi yasa yawancin masu karatun farko su ma ba sa ganewa sai an zo ƙarshe, kuma in kika koma kika sake karantawa za ki ga komai a fili yake tun shafin farko. Bayan an murƙushe su an kai Lima, takardun kotu ne suka ba da labarin, da bakin Don Benito. Babo kuwa tun da aka kama shi bai ƙara furta kalma ba har aka kashe shi aka kafa kansa a kan sanda a dandalin gari.

Kuma labarin ya faru da gaske. Delano mutum ne na gaske, ya rubuta tafiye-tafiyensa a 1817, jirgin sunansa Tryal, abun ya faru a 1805, 'yan Afirka ta Yamma sama da 70 ne, buƙatarsu a mayar da su Sanagal. Masanin tarihi Greg Grandin a littafinsa na 2014 ya kawo hujjojin cewa da yawansu Musulmi ne. Melville ya mayar da shekarar 1799 ya sauya wa jirgin suna zuwa San Dominick, wanda ke tuna wa mai karatu tsibirin da bayi suka yi tawaye suka kafa ƙasar Haiti. Manazarta sun daɗe suna jayayya, na da sun ɗauki Babo a matsayin sharri tsantsa, na baya suka ce shi ne mai kaifin ƙwaƙwalwa a duk jirgin. Ni ina tare da na bayan, amma in faɗa miki gaskiya littafin bai taɓa shiga cikin kan Babo ba ko sau ɗaya, kuma ko wannan hikima ce ko gazawa ce, wannan kaɗai ya isa takarda guda.

Huckleberry Finn na Mark Twain, 1884 a Ingila 1885 a Amurka, salonsa daban amma ciwon ɗaya ne. Yaro ne ɗan talaka mara ilimi yake ba da labarin da bakinsa, da karyayyen Turancin Misuri, ya gudu daga ubansa mashayi ya haɗu da Jim, bawan Miss Watson da ya gudu don ya ji za a sayar da shi dala 800 a kai shi kudu. Suna kan wasu katakai da aka ɗaure suna bin Misisipi, niyyarsu su tsaya a Cairo inda kogin Ohayo ya shigo su yi arewa, hazo ya rufe suka wuce wurin, daga nan kogin da ake ta cewa alamar 'yanci ne ƙara nutsa su yake yi cikin ƙasar bauta. Ki lura da wannan da kyau, don masu rubuta "kogi 'yanci, tudu zalunci" a jarabawa ba sa kallon taswira. A babi na 31 Huck ya zauna ya rubuta wa Miss Watson wasiƙa ya gaya mata inda Jim yake, ya ji zuciyarsa ta yi wasai kamar an wanke shi daga zunubi, don abun da coci da makaranta da gari suka koya masa kenan, taimakon bawa sata ce. Sai ya tuno Jim yana karɓar masa gadi da dare don ya yi barci, ya riƙe takardar hannunsa na rawa, ya ce to shi kenan ya yarda ya shiga wuta, ya yaga. Yaron ya yi daidai amma har littafin ya ƙare yana ganin laifi ya yi, bai taɓa cewa bauta ce ba daidai ba. A babi na gaba ma da ya yi wa Anti Sally, matar gidan da aka tsare Jim, ƙaryar cewa injin jirginsu ya fashe, ta tambaya an ji ciwo, ya ce a'a, baƙi ɗaya ne dai ya mutu, ta ce an yi sa'a don wani lokacin mutane na jin ciwo. Twain bai ƙara ko kalma ba, ya wuce.

Tsugune ba ta ƙare ba, don babukan ƙarshe su ne rigimar da ta fi daɗewa a nazarin adabin Amurka. Tom Sawyer abokin Huck ya bayyana ya mayar da kuɓutar da Jim wasan yara, a haƙa rami da wuƙaƙen cin abinci, a zuba masa ɓeraye da macizai a ɗaki, ya rubuta tarihin zamansa da jini, duk don a kwaikwayi littattafan kasada da Tom ya karanta, alhali Tom ya san Miss Watson ta mutu wata biyu da suka wuce kuma ta 'yanta Jim a wasiyyarta. A ƙarshe ya ba shi dala 40 ladan haƙuri, daidai kuɗin da wani ɗan damfara da ya raɓe su a hanya ya sayar da shi. Hemingway da ya ce duk adabin Amurka na zamani daga littafin nan ya fito, shi ma cewa ya yi a tsaya kafin nan, sauran maguɗi ne. Leo Marx a 1953 ya ce Twain tsoro ya ji ya janye. Wasu kuma suka ce a duba lokacin rubutun, ya fara a 1876 ya gama a 1883, a tsakanin nan ne gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kudu a 1877 aka bar baƙaƙen da doka ta 'yanta tun 1865 a hannun tsofaffin iyayengijinsu, to "'yanta" mutumin da yake 'yantacce ana wasa da shi ai hoton ƙasar ne. Ni na fi karkata ga na biyun, duk da dai babukan sun yi tsawo har suna gundura, wannan kam ba na kare shi. Sannan ki shirya, kalmar zagin baƙar fata ta fito sama da sau 200 a ciki, shi yasa har yau wasu makarantun Amurka ke cire shi, alhali a 1885 laburaren garin Concord ya kore shi ne don wai yaren 'yan tasha ne.

The Scarlet Letter na Hawthorne, 1850, shi ne wanda kowa ke liƙa wa "zunubi da nadama" ya wuce. Boston ce ta shekarun 1640, zamanin 'yan Furitan masu tsananin riƙon addini, an tsayar da Hester Prynne a dandamalin masu laifi da jaririya a hannu da jan harafin A a ƙirji, kuma wanda aka sa ya roƙe ta a gaban jama'a ta faɗi sunan uban 'yar shi ne fasto Dimmesdale, uban da kansa. Wannan kaɗai ya nuna miki tambayar ta wuce zunubi, ta koma kan wa ke da ikon hukunci kuma wa ake iya gani a jikinsa. Hawthorne jikan jikan John Hathorne ne, ɗaya daga alƙalan shari'ar mayu ta Salem a 1692 da aka rataye mutum 19, abun yana cin sa. Amma ki lura da ƙarshen, Hester ta tafi ta dawo da ƙafarta ta sake ɗaura harafin, tana ba sauran mata haƙuri cewa gyara zai zo a lokacin da Allah ya so. Sacvan Bercovitch a 1991 ya haɗa wannan da siyasar marubucin, don a 1852 Hawthorne ya rubuta wa abokinsa Franklin Pierce littafin kamfe inda ya ce bauta ba abun da ɗan Adam zai kawar da dabararsa ba ne, a bar wa ƙaddara. Pierce ya ci zaɓe ya ba shi kujerar ƙaramin jakada a Libaful.

Moby-Dick ba zan ja ba don babi 135 ne kuma ba na ba ki shawarar ki ɗauke shi don takardar samista ɗaya, wankin hula zai kai ki dare. Abu ɗaya dai, a zamanin yaƙin cacar baki an fi karanta shi a matsayin Ahab kyaftin ɗin jirgin ɗan kama-karya, Ishmael mai 'yancin tunani da ya tsira. C. L. R. James ɗan Tirinidad, yana tsare a tsibirin Ellis ana shirin korarsa daga Amurka, ya rubuta littafinsa na 1953 ya ce ku kalli ma'aikatan jirgin mana, masana'anta ce ta man fitila a kan teku, masu jifan ƙaton kifin whale da mashi su uku ɗaya ɗan tsibiran Fasifik ɗaya ɗan asalin Amurka ɗaya ɗan Afirka, shugabanninsu duk farare, me ya hana su ƙi bin mahaukaci? Sunan jirgin ma Pequod daga ƙabilar da Turawan Niyu Ingilan suka kusa shafewa a shekarun 1630 aka ɗauko shi.

Stowe kuma kar ki raina ta kar kuma ki ɗauke ta waliyyiya. James Baldwin ya yi mata kaca-kaca a 1949 kan tausayin da ya mayar da baƙar fata abun kuka maimakon mutum, Jane Tompkins ta kare ta a 1985 ta ce hawayen nan makamin siyasa ne kuma ya yi aiki. Duka biyun suna da gaskiya a wurina. Uncle Tom ya mutu ne da duka don ya ƙi tona inda mata biyu suka ɓuya, wannan ba ragwanci ba ne, amma baƙaƙen da suka fi wayo da zuciya a littafin sai ta kwashe su ta tura Laberiya, kamar ba ta iya hango su a matsayin 'yan ƙasa ba. Su kansu baƙaƙen suna rubutu a lokacin, William Wells Brown ya buga Clotel a Landan a 1853, Harriet Wilson ta buga nobel ɗinta a 1859 kan wahalar yarinya baƙa a gidan farare a arewa, aka manta da shi sai da Henry Louis Gates ya tono shi a farkon shekarun 1980. Harriet Jacobs da ta yi kusan shekara 7 a ɓoye a wani ɗan lungu ƙarƙashin rufin gidan kakarta, littafinta na 1861 an daɗe ana ɗaukarsa ƙagagge sai da Jean Fagan Yellin ta tabbatar da shi da takardu. Kuma ga abun da ba a cika faɗa muku a aji ba, cikin masu tarihin rayuwa na wancan zamanin akwai namu. Mahommah Baquaqua, haifaffen Djougou a arewacin Benin ta yau wanda mahaifiyarsa 'yar Katsina ce, an kai shi Barazil a bawa ya tsere a Niyok a 1847, aka buga tarihinsa a Ditiroyit a 1854. Nicholas Said ɗan Kukawa ta Borno ya shiga sojan arewa a yaƙin basasa, ya buga nasa a 1873. Ba ƙagaggun labarai ba ne, amma in kika ajiye muryarsu kusa da shirun Babo kin samu abun rubutu da ba kowa zai kawo ba.

In kuma ɓangaren mata ya fi jan ki, ki tambayi me ke faruwa in mai son gudun mace ce. Isabel Archer ta Henry James a 1881 ta gaji fam 70,000, ta ƙi manema biyu don ta zaɓa da kanta, ta zaɓi wanda ya kulle ta, ƙarshe ta koma Rum gidansa. Edna ta Kate Chopin a 1899 ta bar gidan miji a Niyu Oliyans, ba ta da daji ba ta da kogin bi, ta shiga teku ba ta fito ba, masu sharhin jaridu suka yi wa littafin ca, sai wajen 1969 aka dawo da shi. Huck kuwa da ya gaji da wayewa cewa ya yi zai wuce yankin yamma, yankin da aka tura 'yan asalin ƙasar bayan dokar 1830.

A aikace ga yadda zan so ki yi. Ki ɗauki littafi ɗaya ko biyu kawai, ki karanta shi kansa ba taƙaitawar intanet ba, duk suna nan kyauta a Project Gutenberg don haƙƙin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa. Ki zaɓi fage biyu ko uku ki zauna a kansu layi-layi, wa ke magana, wa aka hana magana, me mai ba da labarin ya ɗauka abun wasa. Ki nemo manazarta biyu da suka saɓa, ɗaya na da ɗaya na baya, ki faɗi inda kika tsaya da hujja daga shafi, malamai sun gaji da takardun da ke farawa da ranar haihuwar marubuci su ƙare da "darussan da za mu koya". In ni ne ke, da lokacin samista ɗaya, Benito Cereno zan ɗauka, in nemo babi na 18 na littafin Delano na 1817 wanda shi ma yana intanet, in jera su gefe da gefe in ga me Melville ya ƙara me ya cire. Za ki ga wurin askin babu shi a na Delano, ƙwarangwal ɗin goshin jirgin ma babu, kuma wanda ya manne wa kyaftin ɗin a ainihin abun ɗan Babo ne mai suna Mori, Babon gaske an kashe shi tun a faɗan ƙwato jirgin.